Yadda za ka koyar da zane a ajin da ba fenti, ba takarda

Shekarar da aka fara ba ni aji a Garwa ta Kamaru, na tarar da sa'a guda a jadawali an rubuta mata zane da aikin hannu. Sai na yi abin da aka yi mana muna yara: na zana mangwaro a allo, na ce kowa ya kwafa. Yara sun haura 80, kuma mangwaro sama da 80 suka miƙo mini, kowanne da ganye biyu a dama, har da 'yar karkatar da hannuna ya yi a gindinsa. Ga bishiyar mangwaro nan a tsakar makaranta ta yi 'ya'ya jingim, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ta. Na raba maki, na koma gida ina ganin na yi aiki. Sai da na shekara biyu a haka kafin na gane kwafi nake koyarwa, kwafi kuwa suna yinsa tun safe a sauran darussa.

Darasin zane aikinsa ya koya wa ido kallo, ya koya wa hannu bin ido. Yaron da ya iya wannan za ka ga alamarsa a rubutunsa, a taswirar da yake zanawa, a yadda yake riƙe ma'auni a lissafi, gobe kuma a wajen tela, kafinta, magini ko mai walda. Ga yadda nake tafiyar da abin yanzu, don ɗan'uwana malami da aka damƙa wa aji ba a haɗa masa da ko fensir mai launi ɗaya ba.

Fara da manya kafin yara

Sa'ar zane ita ce akuyar da ake fara yankawa idan baƙo ya zo. Da jarrabawar CEP, wato ta kammala firamare, ta ƙarato, sai a ce a mayar da ita lissafi ko Faransanci. Wani shugaban makaranta da na yi aiki a ƙarƙashinsa ya taɓa ce mini, "Malam, zane zai ci wa yaro jarrabawa?" Ban yi musu ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni wata biyu." Na sa yaran suka zana taswirar Kamaru mai jihohi 10 a bangon aji, babba, daidai gwargwado. Da sufeto ya zo ya tsaya a gabanta, ba a ƙara taɓa mini sa'ata ba a shekarar. Saboda haka ka fara da abin da shugaba zai iya nuna wa baƙo. Idan duk da haka an matse ka, ka tuna ranar Laraba ana tashi da wuri. Ka nemi izinin iyaye ka riƙe masu so na sa'a ɗaya.

Iyaye kuma damuwarsu daban ce, kuma kada ka raina ta. Wani uba ya tare ni a ƙofar makaranta, ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, na ji hotuna kake koya wa yara." Maganar surar mai rai yake nufi. Malamai sun yi bayani a kanta, ni kuwa ba fagena ba ne, don haka ban tsaya jan aya ba. Na kwashi aikin yaran na tafi wajen limamin unguwa bayan la'asar. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ga abin da muke yi." Tulu ne, ganyen dalbejiya, zanen hula, ƙofar zaure. Ya jujjuya su, sai ya aika aka ɗauko allon zayyanarsa na sauka, wanda ya ajiye shekara da shekaru. Muka ɓata rabin sa'a muna duban yadda mai zayyanar ya raba allon gida-gida, ya cika da ja da rawaya da baƙi. Daga ranar na samu abokin shawara. Tsirrai, tukwane, gine-gine, ado da kyawun rubutu sun ishe ka aikin shekaru ba ka maimaita ba. Ajinka kuma akwai Hausawa, Fulani, Fali, Gidar, Tupuri, Musulmi da Kirista. Wannan fagen kowa yana shiga ba a ɓata wa kowa rai ba.

Kayan aiki

Kada ka yi kuskuren da na yi na sayo akwatunan fentin ruwa da kuɗin aljihuna. Rana ɗaya suka ƙare, rabi a riguna, kuma washegari uwaye biyu suka zo ƙara. Abin da zai ɗore shi ne wanda yara za su iya haɗawa da kansu.

Takarda: buhun siminti na takarda. Masu gini suna zubar da shi, kuma da yake ana yin siminti a Figil, ba ya yanke mana. Ka yanke bakin, ka ware falle-fallen, ka jefar da na ciki mai ƙura, ka kakkaɓe sauran a waje, manya su yi wannan ba yara ba, don ƙurar siminti ba ta da kyau ga ƙirji. Ka shimfiɗa su ƙarƙashin tabarma kwana biyu su miƙe. Launinsa na ƙasa-ƙasa alheri ne, domin baƙin gawayi da farin alli duka suna fitowa a kai, abin da farar takarda ba ta yi. Kwalin sabulu da na taliya daga masu shago shi ne teburin wanda ba shi da benci. Gwaji kuma a yi shi a ƙaramin allon nan da yara ke kira ardwaz, ko a ƙasa da tsinke.

Gawayi: na murhu yana da tauri, yana yaga takarda. Ka samo 'yan rassa masu kaurin fensir, ka fere ɓawon, ka yanka su daidai tsawon gwangwanin madara, ka cusa su tsaye har ya cika. Ka rufe da murfi ko marfin ƙarfe, ka huda rami ɗaya da ƙusa, ka tura cikin wuta. Hayaƙi zai riƙa fita ta ramin. Idan ya daina, ka janye, ka bar shi ya huce sarai kafin ka buɗe. In ka yi gaggawa iska ta shiga, toka za ka samu. Gwangwani biyu suna riƙe aji wata guda.

Ƙaro shi ne uban tafiyar. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san tawada: baƙin tukunya ko garin gawayi, da ƙaro, da ruwa. Ka jiƙa ƙaro da daddare, da safe ka tace da tsumma. Wannan ruwan shi ke riƙe kowane launi a takarda. Idan ya yi yawa launin zai yi ƙyalli ya tsattsage, idan ya yi kaɗan zai goge da yatsa, sai ka gwada a gefe tukuna. Ka haɗa na kwana biyu kawai, don a zafin Maris da Afrilu na Garwa, kafin mako ya zagayo ya yi tsami, warinsa kuma sai ya kori aji.

Launin ƙasa yana son haƙuri. Ka sa yara su zo da jar ƙasa, farar ƙasa, da mai rawaya-rawaya, kowa daga unguwarsu ko ƙauyensu. A daka, a zuba a bokiti, a dama da ruwa sosai. A ƙirga zuwa 30, yashi zai kwanta. A tsiyaye ruwan saman a wani bokiti a bar shi ya kwana. Da safe za ka ga laushin ya kwanta kamar ƙullu. A zubar da ruwan, a shanya, a adana a kwalba. Cokali ɗaya da ɗan ruwan ƙaro, ga fenti, kuma rana ba ta cin launinsa. Kurkur yana ba da rawaya, karan dafi ja irin na dukawa, shunin wanki shuɗi. Zoɓo, wanda a nan muke ce wa folere, shi yara suka fi so, domin yana yin abin mamaki: ka ɗiga masa lemun tsami ya ƙara ja, ka sa masa ruwan kanwa ya juye shuɗi-shuɗi zuwa kore. Darasin kimiyya ke nan ya shigo ba sallama. Sai dai ka gaya musu gaskiya, launin zoɓo da na kurkur ba sa jure rana, kwana kaɗan sun koɗe. Kuma kada kowa ya zo da wanda aka sa wa sukari. Mun taɓa kwana da zane 20 a aji, da safe kiyashi sun cinye furannin sun bar ganyen.

Burushi kuwa asuwaki ne da aka tauna bakinsa, ko gashin wutsiyar akuya daga mahauta a ɗaure a tsinke da zare. Alƙalamin kara, wanda kowane almajiri ya iya ferewa, ya fi komai fitar da layi mai tsafta.

Makonnin farko

Ka goge allo, kada ka zana komai. Ka ajiye tulu a kan kujera kusa da ƙofa, inda haske ke shigowa ta gefe guda. Kafin kowa ya taɓa gawayi, a yi minti biyar ana kallo ana amsa tambaya. Tsawonsa ya fi faɗinsa? Bakinsa sau nawa zai shiga cikinsa? Daga inda kake zaune, bakin da'ira ne ko ya yi kamar ƙwai a kwance? Nan rigima ke tashi, domin yaro ya san bakin tulu da'ira ne, kuma abin da ya sani yake son zanawa, ba ruwansa da abin da ke gabansa. Sai ka tashe shi tsaye ya leƙa, ka zaunar da shi, ka ce ya durƙusa, ya ga yadda bakin ke buɗewa yana rufewa. Ranar da yaro ya yarda ya zana ƙwai a kwance, rabin aikinka ya ƙare.

A babban aji tulu ɗaya ba ya isa. Ka raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da abinsa a tsakiya: buta, ƙwarya, takalmi, kwandon kaba, fitila. Kowane rukuni ya samu shugaba mai rabawa da tattara kaya, a riƙa sauya shi duk mako, kuma 'yan mata su riƙa samu, in ba haka ba maza za su kama gawayi su bar musu shara.

Mako na biyu ka koya musu awo da fensir. A miƙe hannu sarai, a rufe ido ɗaya, a daidaita kan fensir da bakin tulu, a sa babban yatsa inda wuyansa ya ƙare. Wannan shi ne mudunka. Sai a ga mudu nawa ne daga sama zuwa ƙasa. Idan gwiwar hannu ta lanƙwashe awon ya ɓaci, shi ya sa za ka yi ta zagayawa kana cewa "miƙe hannu". Mako na uku haske da inuwa: gawayi a inda duhu yake, alli a inda haske ya buga, takardar siminti a bar ta ta zama tsaka-tsaki. A murza da yatsa. Idan an gama, a tsoma tsohon burushin haƙori a ruwan ƙaro mara kauri a fesa sama-sama don kada ya goge.

Akwai wasan da nake sakawa duk ranar da na ga sun fara tsoron kuskure. Kowa ya zana tafin hannunsa na hagu ba tare da ya dubi takardar ba, ido na bin layin hannu, gawayi na bin ido. Abin da ke fitowa kamar saiwar rogo ne, aji ya kaure da dariya, har ni. Amma ka duba da kyau, za ka ga ƙumba da gaɓoɓi da ba su taɓa sakawa ba.

Ado da lissafi tafiyarsu ɗaya

Nan ne na fi daɗewa, kuma nan ne malamin lissafi zai zo yana maka godiya. Ka fita da su fili da ƙusa biyu da igiya. A kafa ɗaya, a zagaya da ɗayar, ga da'ira. Ba tare da an sauya tsawon igiyar ba, a ɗora ƙusa a bakin da'irar a yi alama, a matsa kan alamar a sake yi. Sau 6 cif za ka dawo inda ka fara. Yara ba sa yarda, sai sun gwada da ƙaramar da'ira da babba. Daga alamomin nan shida ake fitar da fure mai kunne shida, tauraro, da siffa mai gefe shida. Sai ka ɗauko faifai, ko murfin ƙwaryar da matan Fulani suka ƙona wa ado, ka ce su nemo inda mai aikin ta raba da'irarta.

Hular da ke kanka ma littafi ce. Ka cire ta a zagaya da ita, su gano guntun adon da ake maimaitawa, su ƙirga sau nawa ya zagayo. Aska takwas a babbar riga, dagi a jikin zaure, zanen lalle a hannun amarya, duk abu ne da aka auna aka raba. A ninke takarda biyu, a zana rabi da tawada mai danshi, a danne, ga ɗaya rabin. Taswirar bangon da na ambata kuwa da gidan dara aka yi ta: an ja layuka a kan ƙaramar taswira gida-gida na santimita 2, an ja a bango na santimita 20, kowane yaro aka ba shi gida biyu ya cika. Ba wanda ya sake tambayata ma'anar ma'aunin taswira.

Kira masu sana'a

Ni ban iya jima ba, ban iya gina tukunya ba, kuma ba na ɓoye wa yara. A unguwa akwai baduku, akwai maɗinkin hula, akwai mai rubutun allunan shago, akwai tsohuwa mai tukwane. Ka je da kanka da goro, kada ka aika yaro. Ka biya kuɗin mashin, kuma idan ƙungiyar iyayen yara za ta iya ba da ɗan abin sabulu, to. Ka gabatar da shi a matsayin malami, aji ya miƙe ya gaishe shi. Badukun da ya fara zuwa mana ya shigo yana sunkuyar da kai, yana cewa, "Ni da ban yi boko ba, me zan ce musu?" Na ce, "Baba, kada ka ce komai, yi aikinka kawai." Ya zauna ya yanka fata, ya shafa karan dafi, ya buga ado da ɗan ƙarfe. Ɗansa yana ajin, yaron da da ba ya son a san sana'ar gidansu. Ranar shi ke miƙa wa uban kayan aiki yana faɗa wa 'yan'uwansa sunan kowanne.

Yumɓu ka bar shi sai bayan damina. Mai tukwane ta nuna maka inda take ɗiba a bakin Binuwai ko fadama. Yara ba sa zuwa bakin ruwa su kaɗai. Gwajinsa shi ne a murza shi kamar igiya a naɗa a yatsa, in bai karye ba ya yi. A haɗa da dakakken tsingaro don kada ya tsage. Abin da aka gina a shanya a inuwa, a lulluɓe da buhu mai ɗan danshi kwanakin farko, domin hunturu yana busar da baya ya bar ciki jiƙe. Gashi kuwa ka bar wa mai sana'a. Ni na yi gardama na gasa namu bayan kwana huɗu, muna tsaye muka riƙa jin fas, fas, kamar gugguru. Goggo mai tukwanen ta dube ni ta ce, "Malam, ai ba ka tambaya ba." Mako biyu take barin nata.

Abin da za ka nuna musu

Yaranmu suna zaton zane kayan Turawa ne, alhali ga shi a bakin hanya. A Bidzar, kan hanyar Garwa zuwa Marwa, akwai zane-zanen da'irori waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a kan duwatsun marmara. A Pus, bakin kogin Logon, Musgum suna gina ɗaki da laka zalla mai tsini kamar ƙwai a tsaye, kuma adon jikinsa shi ne matakalar da magini ke takawa, shi ne kuma hanyar ruwan sama. A Gawi, kusa da Njamena, matan Kotoko suna gina tukwane suna yi wa bango ado da launin ƙasa irin wanda muka tace a bokiti. Duwatsun Ennedi na Chadi, masu zanen shanu da raƙuma, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2016. A Fumban, Sarki Njoya ya ƙirƙiro wa Bamun rubutunsu wajen 1896. Hoto biyu ko uku a wayarka sun isa, a zagaya da ita benci-benci.

Akwai kuma takardar naira 20, wadda ba ta wuyar samu wajen 'yan kasuwa masu zuwa Yola. Ka juya bayanta su ga Ladi Kwali, shahararriyar mai tukwane ta Najeriya, tana gina tukunya. 'Yan mata sukan yi shiru su daɗe suna kallo. Ga wanda ya tambayi ina abin zai kai shi, ka ce akwai makarantar koyon zane da sassaƙa ta gaba da sakandare a Fumban da Nkongsamba, kuma Jami'ar Garwa da aka kafa a 2022 tana da tata. Kasuwar masu aikin hannu ta Marwa ma amsa ce.

Maki da baje koli

Dole ka ba da maki, amma kada ka ba da shi don kyau, domin haka yara biyar ne za su riƙa kwashewa, sauran su saki. Ni a cikin 20 nakan ware 8 ga kallo, wato ko abin da ke gabansa ya zana. 6 ga gama aiki. 4 ga tsaftar kaya da taimakon rukuni. 2 ga abin da ya ƙara nasa. Kada ka gyara wa yaro a kan takardarsa da jan biro, ka nuna masa a gefe. Kowa ya rubuta kwanan wata a bayan aikinsa, a ajiye na farkon shekara, a watan Mayu a jera shi da na ƙarshe.

UNESCO ta ware mako na huɗu na Mayu don ilimin fasaha a makarantu, amma a wajenmu lokacin hadari ya fara, jarrabawa ta matso, iska ɗaya za ta kwashe maka komai. Na fi son makon bikin matasa na 11 ga Fabrairu. A ɗaure igiya tsakanin bishiyoyi, a maƙale zanen da tsinken kaba, tukwane a jera a tabarma. Kowane yaro a rataya masa aiki ɗaya, ko da saiwar rogon nan ce. A gayyaci liman da fasto da badukun da goggo mai tukwane, a ba su kujerun gaba. Da an tashi, abin da iyaye ba su ɗauka ba a sa shi a kwali, a barbaɗa busasshen ganyen dalbejiya tsakani, a ɗora kan benci nesa da bango, don gara tana son takardar siminti fiye da yadda kake zato.